Yadda Ake Kwaikwayon Tafiyar Zafi a Iskar da Ke Gudu Cikin Bututu da Kwamfuta

Idan iska ko gas na gudu cikin bututun da ake gasawa daga waje, mafi yawan cinikin zafin da ke tsakanin ƙarfe da iskar yana ƙarewa ne a wani siririn sashe da ke manne da bango, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A nan iska ke rage gudu har ta tsaya cak a jikin ƙarfe, a nan kuma zafi ke shan wahalar ratsawa. Wanda ya kama wannan sashe daidai a kwamfuta ya samu amsa. Wanda ya tsallake shi zai samu hoto mai kyau na ja da shuɗi, amma lambobin da ke ƙarƙashin hoton ba za su amfani mai ƙera injin busar da hatsi ba, ko mai tsara bututun hayaƙi, ko ɗalibin da zai kare aikinsa gaban malamai.

Za mu bi misali guda tun daga takarda har zuwa sakamako, da manhajar OpenFOAM, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Linux ko a Windows ta hanyar WSL, tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows. Sunayen fayiloli da umarnin da ke ƙasa na sigar openfoam.com ne. Mai amfani da ANSYS Fluent zai tarar da matakan iri ɗaya, sai dai a can akwatuna ake cikewa maimakon rubuta fayil.

Misalin da za mu bi

Bututu miƙaƙƙe mai santsin ciki, faɗin cikinsa D milimita 50, tsawonsa L mita 3, wato ninkin faɗin sau 60. Busasshiyar iska na shiga da zafin kelbin 300, kusan digiri 27 a ma'aunin Selsiyas, da saurin U mita 10 a daƙiƙa. Matsin mafita faskal (Pa) 100,000. Bango na zuba wa iskar zafi q na wat 1,000 a kowace murabba'in mita, bai ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar dai an naɗe bututun da wayar hita an rufe da abin tsare zafi.

Halayen iska a wannan yanayi su ne: nauyinta a kowace kubik mita, ρ, kilogiram 1.161, danƙonta, μ, 1.846 × 10⁻⁵ Pa·s. Zafin da kilo ɗaya ke sha kafin ya hau digiri ɗaya, cp, jul 1,007. Iya miƙa zafinta, k, 0.0263 W/m·K, lambar Prandtl, Pr, wadda ke gwada tasirin danƙo da yaɗuwar zafi, 0.707.

An zaɓi bango mai zuba zafi bai ɗaya da gangan. Da shi zafin iskar ke hawa a miƙe, ana iya lissafa shi a ka, kuma duk kuskuren da kwamfuta ta yi yana fitowa fili.

Lissafin hannu kafin a kunna kwamfuta

Kada a buɗe manhaja sai an san amsar da ake tsammani. Wannan mataki bai fi aikin minti ashirin ba, shi ne kuma ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

A fara da lambar Reynolds, Re = ρUD/μ, wadda ta fito kusan 31,500. Tun gwajin da Osborne Reynolds ya wallafa a 1883 aka san cewa kwarara cikin bututu iri biyu ce: natsattsiya, wadda ke tafiya layi-layi, da mai hargitsi, wadda ke cakuɗa kanta. Ƙasa da 2,300 natsattsiya ce. Tamu ta wuce nan nesa, don haka sai an haɗa da tsarin lissafin hargitsi.

Nauyin iskar da ke wucewa, ṁ, shi ne ρU sau faɗin bakin bututu, kilogiram 0.0228 a daƙiƙa. Fatar cikin bututun murabba'in mita 0.471 ce, saboda haka zafin da ke shiga wat 471 ne. A raba 471 da ṁ·cp, a samu kelbin 20.5. Dole iskar ta fita da matsakaicin zafi na 320.5. Wannan ba hasashe ba ne, dokar adana makamashi ce. Idan kwamfuta ta ba da 318 ko 325, akwai kuskure a aikin ko bai gama daidaita ba.

Sai gogayya. Ƙa'idar Petukhov ta bututu mai santsi, f = (0.790 ln Re − 1.64)⁻², ta ba da lambar gogayya f 0.0234. Faɗuwar matsi, f(L/D)ρU²/2, ta kama kusan Pa 81 a mita uku, wato 27 a kowace mita.

Daga nan lambar Nusselt, Nu = hD/k, wadda ita ce abin da ake nema, domin daga gare ta ake samun h, ƙarfin da bango ke miƙa wa iska zafi. Ƙa'idar Dittus da Boelter ta 1930, Nu = 0.023 Re^0.8 Pr^0.4, ta ba da 79. Ta Gnielinski ta 1976,

Nu = (f/8)(Re − 1000)Pr / [1 + 12.7 √(f/8) (Pr^(2/3) − 1)],

ta ba da 73. Ta biyun ce abin dogaro: kuskurenta bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali ta farkon na iya kaucewa da kashi 25. Da Nu 73, h ya zama kusan 38.5 W/m²·K, bango kuma zai fi iskar zafi da q/h, kelbin 26. A rubuta lambobin nan huɗu a takarda a ajiye kusa: 320.5, 81, 73, 26.

Abin da za a iya yin watsi da shi

Saurin sauti a iska mai wannan zafi kusan mita 347 ne a daƙiƙa, lambar Mach ɗinmu, wato saurin iskar bisa saurin sauti, 0.03 ke nan. Sai ta kusanci 0.3 matsewar iska saboda gudu ke zama abin damuwa.

Iska mai zafi tana son tashi sama, amma a nan ba ta da wannan dama. Lambar Grashof, wadda ke auna ƙarfin wannan tashi, kusan 400,000 ce; idan aka raba ta da Re sau Re, abin da ya rage bai kai 0.001 ba. Ana iya kashe jan ƙasa. Da saurin ya faɗi zuwa rabin mita a daƙiƙa da zancen ya sauya, domin a kwantaccen bututu iska mai zafi za ta taru a sama ta haifar da juyi na gefe.

Kaushin bango ma haka. Sabon bututun ƙarfe na kasuwa yana da kaushi kusan milimita 0.045, wanda a wannan gudu ke nutse cikin sashen da ke manne da bango, don haka ana ɗaukarsa mai santsi. Tsohon bututu mai tsatsa ba ya cikin wannan rangwame.

Tunda bututun miƙaƙƙe ne kuma babu jan ƙasa, ko ta wane gefe aka dube shi abu ɗaya ne. Ba sai an zana shi duka ba. Ana yanko siririn yanki daga tsakiya zuwa bango, kamar yankan kankana, mai kusurwar digiri 5, biyu da rabi kowane gefe. A tuna cewa yankin kashi ɗaya ne cikin 72 na bututun: zafin da zai shiga wat 6.5 ne, iskar kuma kilogiram 0.000317 a daƙiƙa. Mutane da yawa sukan ga waɗannan ƙananan lambobi su ɗauka aikin ya lalace.

Saƙa raga

Kwamfuta tana yayyanka cikin bututu zuwa ƙananan gurabe, kamar idanun raga, ta lissafa gudu da matsi da zafi a tsakiyar kowanne. Babbar tambaya ita ce kaurin idon farko, wanda ke taɓa bango. Ana auna nisansa da wata lamba da ake kira y+, ga yadda ake samo ta.

Jan da iska ke yi wa bango shi ne (f/8)ρU², Pa 0.34. A raba shi da ρ a ɗauki tushen murabba'i, a samu saurin gogayya, mita 0.54 a daƙiƙa. A raba μ/ρ, wato 1.59 × 10⁻⁵, da wannan sauri: milimita 0.029. Wannan nisa shi ne y+ = 1. Sashen da danƙo ke mulki ya tsaya a y+ = 5, milimita 0.15 kacal daga ƙarfe. Daga 5 zuwa 30 tsaka-tsaki ne. Bayan 30, kusan milimita 0.9, hargitsi ya karɓi ragama.

Hanya biyu ce. Ko a sa idanu ƙanana har cikin sashen danƙo, tsakiyar idon farko ta kasance a y+ kusan 1, ko a tsallake sashen gaba ɗaya, a sa tsakiyar idon farko sama da 30, a bar wata dabarar lissafi ta cike giɓin. Ga aikin zafi hanyar farko ta fi, kuma a yankin kankana ba ta da tsada. Abin da ba a so shi ne idon farko ya faɗa tsakanin 5 da 30, inda babu ɗayan hanyoyin da ke aiki sosai.

Akwai tarko a nan. y+ nisan tsakiyar ido yake aunawa, ba kaurinsa ba. Idan ana son tsakiya a milimita 0.029, kaurin idon ninki biyu ne, kusan 0.058.

A fayil ɗin blockMeshDict a sa idanu 40 daga tsakiya zuwa bango, 600 a tsawo, ɗaya a kewaye. Jimla 24,000. Lambar da ake ba simpleGrading rabon idon ƙarshe ne da na farko, ba ƙarin da ke tsakanin maƙwabta ba. Idan ana ƙirgawa daga tsakiya zuwa bango, a sa 0.022, wato ɗaya bisa 45. Hakan zai ba da idon bango mai kaurin milimita 0.053, kowane ido ya fi na kusa da shi da kashi 10 cikin 100, na tsakiya kuma ya kai kusan milimita 2.4. Kada ƙarin ya wuce kashi 20. Wanda ya juya lambar ya rubuta 45 zai tara ƙananan idanu a tsakiyar bututu inda babu abin gani, ya bar bango tsirara, don haka a buɗe ragar a ParaView, manhajar kallon raga da sakamako, a duba da ido kafin a ci gaba.

Gefuna biyu na yankin a ba su nau'in wedge, kowanne da sunansa. A gudanar da blockMesh, sannan checkMesh. Idanun bango dogaye ne sirara, tsawonsu ya ninka kaurinsu kusan sau 95. Wannan ba laifi ba ne matuƙar sun kwanta daidai da hanyar iska.

Halayen iska da tsarin hargitsi

Za a yi amfani da rhoSimpleFoam, wanda ke neman yanayin da kwarara ta zauna ba ta sauyawa da lokaci. Yana bin dabarar SIMPLE ta Patankar da Spalding ta 1972: a yi hasashen matsi, a lissafa gudu, a gyara matsi, a sake zagayowa.

A thermophysicalProperties, a gwajin farko a bar halayen iska a tsaye: transport const da mu 1.846e-05 da Pr 0.707, thermo hConst da Cp 1007, equationOfState rhoConst da rho 1.161, a ƙarƙashin heRhoThermo, nauyin ƙwayar iska 28.96. Dalili shi ne ƙa'idojin da muka lissafa da hannu sun ɗauka halayen ba sa sauyawa, kuma ana so a gwada abu da irinsa. Bayan an tabbatar da aikin sai a koma perfectGas da sutherland, da As 1.458e-06 da Ts 110.4.

Tsarin hargitsi a zaɓi kOmegaSST, wanda Menter ya fitar a 1994. Yana iya shiga har bango. Tsohon kEpsilon na Launder da Spalding na 1974 an gina shi ne don ragar da ta tsallake bango. Idan aka haɗa shi da y+ na 1 amsar zafi za ta kauce.

Sharuɗɗan iyaka

A folda mai suna 0 kowane abu yana da fayil ɗinsa.

Gudu, U: mita 10 a mashiga, noSlip a bango, inletOutlet a mafita. Matsi, p: zeroGradient a mashiga da bango, 100000 a mafita. A wannan manhaja cikakken matsi ake rubutawa. Wanda ya saba da simpleFoam ya sa sifili, da zarar ya koma perfectGas nauyin iska zai zama sifili, aikin ya tsaya a zagayen farko.

Zafi, T: 300 a mashiga, inletOutlet a mafita. A bango externalWallHeatFluxTemperature, da mode flux, q uniform 1000, kappaMethod fluidThermo. Da kelbin ake rubuta zafi koyaushe.

Hargitsin mashiga ana kimanta shi. Ƙarfinsa 0.16 Re^(−1/8), kashi 4.4 cikin 100. Girman juyin iska 0.07D, milimita 3.5. Daga nan k na hargitsi, wato makamashin hargitsin, ba k na miƙa zafi ba, 1.5(U × 0.044)², ya zama 0.29, omega kuma, wato saurin da hargitsin ke ɓacewa, √k bisa (0.548 × 0.0035), kusan 280. A bango k a sa masa ƙaramar lamba kamar 1e-10, omega ya samu omegaWallFunction, nut, wato danƙon da hargitsi ke ƙarawa, ya samu nutLowReWallFunction.

Fayil ɗin alphat shi ne ake yawan rainawa, alhali shi ke faɗin yadda hargitsi ke ɗaukar zafi. A bango a sa compressible::alphatWallFunction da Prt 0.85. Wannan lamba, Prandtl ta hargitsi, kimantawa ce da ta dace da iska da yawancin gas. Matsar da ita daga 0.85 zuwa 0.9 na rage Nu da 'yan kashi kaɗan. Wanda ya zaɓi ragar da ta tsallake bango sai ya sauya zuwa alphatJayatillekeWallFunction da nutkWallFunction da kqRWallFunction, in ba haka ba juriyar sashen danƙo ga zafi ba za ta shiga lissafi daidai ba.

Gudanarwa

A fvSchemes a fara da bounded Gauss upwind na zagaye ɗari biyu ko uku. Ba ya saurin tarwatsewa, amma yana shafe bambancin zafi kamar an goga hannu a kan alli, don haka ba a karɓar amsarsa. Daga nan a koma linearUpwind ga U, da limitedLinear 1 ga h (a saitin manhaja h makamashin zafin iska ne, ba h na bango ba) da k da omega.

A fvSolution a rage girman takun gyara: p 0.3, U 0.7, h da k da omega 0.7. Idan an kunna perfectGas, rho ya fara da 0.05. A controlDict a sa endTime 10000, writeInterval 500, purgeWrite 3, startFrom latestTime. Inda ake yawan ɗauke wuta wannan saiti na ƙarshe yana da daraja: aikin zai ɗora daga inda ya tsaya. Raga mai idanu 24,000 ba ta fi ƙarfin kwamfutar cinya ba.

Ragowar kuskuren da manhaja ke bugawa a kowane zagaye alama ce, ba hujja ba. A nemi ta h ta sauka ƙasa da 1e-6, sauran ƙasa da 1e-5. Ta gudun da ke bin kewaye takan tsaya a sama a irin wannan yanki, domin gudun kansa sifili ne, ba abin damuwa ba ne. Hujjar gaske biyu ce: zafin bango a mita 2.5 ya daina motsi ko da kelbin 0.1 cikin zagaye 500, kuma zafin da ya shiga ta bango ya yi daidai da wanda iska ta fita da shi cikin kashi 1 cikin 100. Zafi ya fi gudu jinkirin daidaita. Sau da yawa gudu ya zauna tuni alhali zafi na can yana rarrafe zuwa mafita.

Da an gama, a gudanar da rhoSimpleFoam -postProcess -func yPlus -latestTime. Ya kamata y+ ya tsaya kusa da 0.9 a yawancin tsawon. A bakin mashiga zai ɗan haura, wannan daidai ne.

Fitar da lambar Nusselt

Nu = qD / [k(Tw − Tb)], inda Tw zafin bango ne, Tb kuma matsakaicin zafin iska a wannan wuri. Duk rikicin yana kan Tb. Matsakaicin da ake nufi shi ne wanda za a samu da an tari iskar da ke wucewa a kofi an gauraya, wato kowane ido a auna shi da yawan iskar da ke ratsa shi. Wanda ya ɗauki matsakaici bisa faɗin wuri ya ba iskar bango mai zafi da jinkiri nauyin da ba nata ba, Tb ya hau, Nu ya kumbura. Wanda ya ɗauki zafin tsakiyar bututu ya samu Tb ƙasa da gaskiya, Nu ya ragu.

A misalinmu akwai gajeriyar hanya: Tb = 300 + 6.84x, inda x nisa ne daga mashiga a mita. A mita 2.5 zai zama 317.1, bango kuma ya kamata ya kasance kusa da 343. A lura da yadda abin ke da tsauri: kuskuren kelbin ɗaya a cikin 26 kashi 4 ne cikin 100 a Nu.

A zana Nu a kan x/D. A bakin mashiga zai yi sama ƙwarai saboda sashen zafi bai yi kauri ba tukuna, sannan ya gangaro, wani lokaci ya ɗan nutse ƙasa kafin ya dawo ya miƙe. A karanta amsa tsakanin x/D 40 da 55, kada a ɗauki idanun da ke dab da mafita. Idan ta faɗo cikin kashi 10 na 73, wato tsakanin 66 da 80, aikin ya yi. A duba faɗuwar matsi a wannan yanki kaɗai, a gwada da Pa 27 a mita; ta dukan bututun za ta ɗan wuce 81 saboda iska ta kashe ƙarfi wajen daidaita kanta a farko. Gudun tsakiya zai kai kusan mita 12 a daƙiƙa.

Akwai gwajin da ya fi wannan kaifi, kuma ya cancanci ƙarin rabin awa. A kashe tsarin hargitsi, a mayar da U 0.2, q kuma 10. Re ya zama kusan 630. A natsattsiyar kwarara amsar ba ta gwaji ba ce, ta lissafi ce tsantsa: Nu 4.36 ga bango mai zuba zafi bai ɗaya, 3.66 ga bango mai tsayayyen zafi, f kuma 64/Re, gudun tsakiya ninki biyu na matsakaici. Kwarara za ta gama daidaita bayan 0.05·Re·D, kusan mita 1.6. Idan ba a samu 4.36 cikin kashi 1 ko 2 ba kusa da ƙarshen bututu, laifin ba na tsarin hargitsi ba ne, yana cikin raga, ko sharuɗɗan iyaka, ko yadda ake lissafa Tb.

Gwada raga uku

Amsar da ta dogara da yawan idanu ba amsa ba ce. A sake aikin da raga 28 × 425 da kuma 56 × 850, kowace ta fi ta baya da kusan ninki 1.4 a kowane ɓangare, rabon 0.022 na nan yadda yake. Bambancin Nu tsakanin ta tsakiya da mai yawa ya kamata ya gaza na tsakanin ƙarama da ta tsakiya, kuma ya faɗi ƙasa da kashi 1 ko 2. Mai rubuta rahoton bincike zai iya ƙarawa da ma'aunin GCI na Roache, wanda ke kimanta kuskuren da girman idanun raga ke jawowa. Ƙara idanu a tsawo kaɗai ba gwaji ba ne, tunda a faɗi ne zafi ke sauyawa da gaggawa.

Idan abu ya ƙi

Idan manhaja ta tsaya da ƙorafin zafi ya faɗi ƙasa da sifili, yawanci farkon zagaye ne ya yi tsalle. A cika cikin bututu da gudun mita 10 da zafin 300 tun farko maimakon sifili, a rage takun h zuwa 0.3, ko a ɗaure zafi da limitTemperature tsakanin 250 da 500 har aikin ya kama hanya.

Idan Nu ya fito ƙasa ƙwarai, kusa da na natsattsiyar kwarara, hargitsin ya mutu. Galibi omega na mashiga ne ya yi yawa ko k ya yi kaɗan. A duba nut a ParaView: a tsakiyar bututu ya kamata ya ninka μ/ρ sau gommai.

Idan iska na komowa ta mafita, an yanke bututun kusa da lanƙwasa ko wurin da ya buɗe. A ƙara masa tsawon faɗi goma.

Tsakanin Re 2,300 da kusan 4,000 kwarara na shiga hargitsi tana fita. Tsarin SST na yau da kullum bai san wannan ba, amsar da zai bayar a nan ba ta da tabbas, kuma ko gwajin ɗakin bincike yakan bambanta daga wannan bututu zuwa wancan.

Mai gwada sakamako da awon da ya yi da hannunsa ya auna matsin iskar garinsu. A tudun Jos, sama da mita 1,200 daga teku, matsin bai kai Pa 90,000 ba, iskar ta fi ta misalinmu sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma Re zai ragu da haka a gudu ɗaya. Sannan hita ba ta ba iska duk wutar da ta ci. Wani kaso na zubewa waje ta abin rufi. A lissafa q daga hawan zafin iskar da aka auna, ba daga mitar wuta ba.

Daga misali zuwa aikin gaske

Idan bango ya fi iska zafi sosai, halayen tsaye ba za su wadatar ba. Gas ba kamar ruwa ba ne: danƙonsa ƙaruwa yake da zafi, nauyinsa kuma na raguwa, saboda haka gasa shi na rage Nu. Ana gyara ƙa'idar Gnielinski da ninka ta da (Tb/Tw)^0.45. A misalinmu ragin kashi 3 zuwa 4 ne. Ga bango mai kelbin 600 da iska mai 350 ya wuce kashi 20. A mashiga kuma gara a ba da nauyin iska da flowRateInletVelocity maimakon sauri. A hayaƙin wuta mai ɗauke da tururi da iskar kabon, zafin da ke tafiya ta haskakawa ma sai an saka shi.

Ƙarfen bango da kansa ba ya cika hana zafi wucewa: milimita 3 na ƙarfe juriyarsa ta gaza ta iskar ciki kusan sau 400. Abin da ke waje, iska ko ƙasa ko abin rufi, shi ne ke da tasiri. externalWallHeatFluxTemperature da mode coefficient na karɓar h na waje da zafin waje da kaurin rufi. Sai ana son ganin zafi na bin jikin ƙarfe a tsawo ake buƙatar chtMultiRegionSimpleFoam.

Lanƙwasa, mahaɗa, ko jan ƙasa suna kashe dabarar yankin kankana. Dole a zana bututun duka, da murabba'i a tsakiya da zobba kewaye da shi, idanu su haura miliyan, kowane miliyan kuma ya ci gigabayit ɗaya zuwa biyu na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kaurin idon bango dai lissafinsa bai sauya ba.

Ga dogon bututun gas irin na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, ba wanda ke saƙa irin wannan raga. Ana amfani da lissafin layi ɗaya, a ɗauki h daga ƙa'ida, a ba juriyar ƙasar da aka binne bututun muhimmanci. Ragar da muka bayyana tana shigowa ne a gajerun wurare: bayan bawul mai rage matsi, cikin na'urar sanyaya gas bayan kwamfireso, ko a mahaɗar bututu biyu masu zafi daban. A can matsi ya kai gomman bar (bar ɗaya Pa 100,000 ne), perfectGas ba ya aiki, sai a koma PengRobinsonGas da halayen methane. Gas ɗin kuma yana yin sanyi da kansa idan matsinsa ya faɗi, kusan rabin digiri a kowane bar, abin da perfectGas ba ya nunawa ko kaɗan. Re na iya kai miliyoyi gommai, y+ na 1 ya koma 'yan mikiron (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka a nan hanyar tsallake bango ce mai yiwuwa, da nutkRoughWallFunction, tunda a irin wannan gudu kaushin milimita 0.045 ya riga ya leƙo sama da sashen danƙo.